Motar da Ta Ƙi Ribas

Ranar Litinin da hantsi, Insifekta Habibullah yana zaune a ofishinsa na Gumel yana kurɓar shayin da ya riga ya huce, sai ga dattawa biyu sun shigo ba sa kallon juna. Ya san su duka. Na gaba Alhaji Rufa'i ne, dillalin shanu a karar Maigatari, yana jan ƙafar hagu da wani bijimi ya taɓa take masa. Na baya kuwa Dogo bakanike ne, wanda rabin motocin garin sun taɓa kwana a garejinsa. Shekara talatin ke nan tare ake ganinsu, masallaci ɗaya, majalisa ɗaya.

Insifekta ya ba su kujeru, ya gaishe su har da tambayar iyali, sannan ya ce yana saurare.

Alhaji Rufa'i ya fara. Tun da ƙafar nan ta samu matsala ba ya iya taka kuloci, shi ya sa ya riƙe tsohuwar motarsa mai giyar otomatik, shekararta ashirin da biyar. Kwanan baya giyar ta gaji, idan mota ta yi zafi sai inji ya yi ta kuka ita kuma ba ta ja. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya sayi wata giya 'yar Beljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga Turai, a shagon Mannir a Maigatari. Kafin a ɗauke ta ya tsoma yatsa a shuɗin fentin da yake yi wa shanun da ya saya shaida, ya ja mata layi biyu da ɗigo a ciki. Dogo ya ɗaura ranar Asabar. Jiya da safe mota ta ƙi yin baya. Da ya sa aka leƙa ƙarƙashi, babu shuɗi, babu alamarsa.

"Yallaɓai, ba giyata ce a jikin motata ba," in ji shi. "Kuma hannu ɗaya ne ya ɗaura ta."

Dogo yana ta juya hularsa a gwiwa. Ya ce shi abin da aka kawo masa shi ya ɗaura. Ya ƙara da cewa shugaban ƙungiyar kanikawa ya riga ya ji labari, ya ba shi zuwa Alhamis. In bai wanke kansa ba za a cire sunansa, a rufe garejin.

"Ba garejin ne damuwata ba, ranka ya daɗe. Jikokina ne za su tashi a ce kakansu ɓarawon giya ne."

Insifekta ya rubuta, ya rufe littafin, ya ce a je a ga motar.

Tana nan a ƙofar gidan Alhaji, hancinta na kallon katanga, inda aka ajiye ta tun daren Asabar. Insifekta ba bakanike ba ne, amma mahaifinsa direban babbar mota ne, don haka ya san abin tambaya. Ya ce wa Dogo su bi ta ɗaya bayan ɗaya, kamar ba a taɓa dubawa ba.

Aka tayar da inji. Dogo ya zaro sandar gwada man giya, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai yana daidai kan layi, ja ne, sabo. Ya nuna wayar da ke haɗa hannun giya da giyar kanta, ya ce ya saita ta sau biyu, kuma ga shi kowane harafi na jikin hannun giyar yana faɗawa inda ya dace. Soket ɗin wuta ya cire ya hura ya mayar. Bututun da ke kai mai wurin sanyaya shi ma ya wanke shi kafin ɗauri, matatar mai kuma sabuwa ya sa.

"To sa ribas mu gani."

Dogo ya sa. Inji ya yi gurnani, mota ko motsi. Suka tsaya a inuwar darbejiya suna jira, matar Alhaji ta aiko da kunun zaƙi, suka sha. Sai da aka yi kusan minti ashirin inji ya yi zafi, sannan da aka sake sawa motar ta yi wani gif, kamar an doke ta da itace, ta fara ja da baya. Dogo ya mayar da ita inda take.

"Baba Alhaji, tsohuwar giyar haka take yi?" in ji Insifekta.

"A'a. Waccan ribas ɗinta lafiya lau. Gaba ce ba ta ja in ta yi zafi."

"Ina take yanzu?"

Dogo ya ce tana garejinsa a kan tsohuwar taya, ko goge ta bai yi ba. Suka biya suka gan ta, baƙi ƙirin. Ashe ba tsohuwar aka wanke aka mayar ba. Wannan cuta ce daga wani gidan.

Insifekta ya tambayi Dogo yadda sabuwar ta iso hannunsa. Ya ce Zayyad ne ya kawo ta a but ɗin motarsa, Asabar da safe. Zayyad ɗan ƙanwar Alhaji ne, magidanci mai 'ya'ya uku, yana jigilar fasinja tsakanin Gumel da Maigatari.

"Yaya take da ya kawo ta?"

"Fes. Tana ƙyalli, tana warin fetur. Har na ce masa wannan ta cika tsafta, ya ce mai shagon ne ya wanke."

Da la'asar aka kira Zayyad ofis. Ya shigo da fara'arsa, ya durƙusa ya gaida Insifekta. Ya ce ƙwarai Kawu ya ba shi giyar ranar Alhamis da yamma. Juma'a ya tafi ta'aziyya Sule Tankarkar, shi ya sa bai kai ba sai Asabar. A but ta kwana biyu, bai ko taɓa ta ba.

"Ka ga shuɗin fenti a jikinta?"

"Wallahi ban lura ba, Yallaɓai. A buhu take."

"Wa ya rasu a Sule Tankarkar?"

Ya ce kakar wani abokinsa ce. Insifekta ya yi mata addu'a, ya sallame shi.

Washegari Talata ya hau babur ɗin ofis ya nufi Maigatari. Hanya ta yi masa daɗi, gonaki duk an yanke riɗi an jingina shi yana bushewa, zoɓo ya yi ja. Shagon Mannir yana bayan inda manyan motocin Nijar ke sauke kaya. Giyoyi da injina a jere a ƙasa, kowanne ya yi dumu-dumu da baƙin maiƙo.

Mannir ya tuna cinikin sarai. Ya ce har dariya suka yi wa Alhaji da ya shafa wa ƙarfe shaidar shanu, suka tambaye shi ko tsoro yake kada ta ɓalle ta bi garke.

"Bayan ya tafi ka wanke ta?"

Mannir ya dube shi kamar ya yi saɓo.

"Wanke ta? Ranka ya daɗe, dubi shagon nan, ka ga abu ɗaya wankakke? Dattin nan shi muke sayarwa. Maiƙon can ƙasar daban yake, ya bushe, babu jan yashinmu a ciki. Shi mai saye yake dubawa ya san kaya bai taɓa aiki a nan ba. Ranar da na wanke giya, ranar ta zama ta gida, ko kyauta ba mai ɗauka. Duk wanda ya wanke ta, ba ɗan kasuwar nan ba ne."

Ya ce kuma ba a buhu ya ba da ita ba. Tsirara aka ɗora ta a but, a kan kwali, Zayyad da kansa ya kama gefe ɗaya.

Insifekta ya saya wa yara kilishi, ya juyo. Bai wuce ofis ba, sai ya tsaya tashar Maigatari da ke Gumel, ya zauna a bencin mai shayi kamar mai hutawa. 'Yan kamasho sun san shi, aka yi ta raha. Can ya tambaya, a cikin hira, wace irin mota Zayyad yake ja.

Wani dattijon ɗan kamasho ya ce ai irin ta kawunsa ce sak, launi ne kawai ya raba su. Sai ya kwashe da dariya.

"Mu dai mun huta. Shekara guda kullum da safe sai mun tura ta baya kafin ta shiga layi. Ba ta ribas sai rana ta take. Har Amarya muke ce mata, don ba ta fita sai an rako ta. To tun ranar Asabar Amarya ta waye, da kanta take fita."

"Ya ce gyara ya yi?"

"Ya ce addu'a ce."

Insifekta ya shanye shayinsa a hankali. Ya aika wa Alhaji da Dogo cewa su same shi a tashar gobe bayan sallar asuba, kafin motar farko ta tashi.

Laraba da sassafe suka haɗu. Motar Zayyad tana ajiye tun jiya, raɓa a gilashinta, hancinta a jikin katangar tasha. Zayyad ya iso da butarsa a hannu, ya ga kawunsa da Dogo da Insifekta da kofur guda, sai tafiyarsa ta ragu.

"Malam Zayyad, ina kwana. Ɗan tayar mana da ita ka yi baya."

"Yallaɓai, sai ta ɗan yi zafi."

"A'a, haka nake so, da sanyinta."

Ya shiga, ya murɗa makulli, ya daɗe riƙe da hannun giya. Da ya sa, motar ta sulale baya sumul, ko ƙara babu. 'Yan kamasho suka yi tafi, su ba su san abin da ake ciki ba.

Insifekta ya ce wa Dogo bismilla. Dattijon ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ya shige ƙarƙashi da tocilan. Ya jima. Da ya fito sai ya kama hannun Alhaji Rufa'i, ya taimaka masa ya durƙusa a kan ƙafarsa mai lafiya, ya haska masa. Ga giya nan da busasshen maiƙonta, ga layi biyu da ɗigo, shuɗi shar.

Zayyad ya fito ya tsuguna a gaban motar. Ba a ko tambaye shi ba ya fara magana. Ya ce da ya ga giyar a but ɗinsa ranar Alhamis, irin tasa sak, zuciyarsa ta raya masa cewa Kawu sau biyu a mako yake fita, shi kuwa kullum yana kan hanya. Ranar Juma'a ya kai wa wani bakanike a Sule Tankarkar, ya ce masa tasa ce, aka ɗaura. Tsohuwar kuma ya wuni yana wanke ta da fetur da burushi don ta yi kama da sabuwa. Ya ɗauka Baba Dogo zai gyara ribas ɗin cikin sauƙi, magana ta wuce.

"Da aka ce za a rufe masa gareji fa?" in ji Insifekta.

"Na ji, Yallaɓai. Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

Alhaji Rufa'i ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Da ka roƙe ni, Zayyad, da na ba ka. Ka san da na ba ka."

Sannan ya juya wurin abokinsa, ya cire hula a gaban duk mutanen tasha, ya ce ya zalunce shi, ya yafe masa. Yau ɗin nan da ƙafarsa zai je wurin shugaban ƙungiya ya faɗa da bakinsa.

Dogo ya kakkaɓe yashin rigarsa.

"Mayar da hularka, Alhaji, sanƙonka yana kashe mana ido. Ka kawo motocin biyu gareji, kafin azahar kowace giya ta koma gidanta."

Kofur ya kama hannun Zayyad. Alhaji ya matso ya tambaya a hankali ko za a iya kashe maganar a gida, saboda uwarsa. Insifekta ya ce sai an je ofis an rubuta tukuna, don sunan Baba Dogo a takarda aka ɓata shi, a takarda kuma za a wanke shi. Bayan nan ya zo su zauna.

Har sun kama hanya, Dogo ya tuna cewa motar Alhaji tana can ƙofar gida hancinta a katanga, kuma da wannan sanyin safiya ba za ta yi baya ba. Insifekta ya dubi agogonsa, ya dubi Zayyad, ya ce ai gidan a kan hanyar ofis yake.

Haka aka yi. Dogo ya riƙe sitiyari, Alhaji ya zauna kusa da shi yana ba shi labarin farashin shanu kamar ba abin da ya faru. Zayyad ya naɗe hannun riga, ya dafa hancin motar da hannu biyu, ya tura ta baya shi kaɗai har ta hau titi. Da ta tafi, ya goge tafinsa a wando, ya bi bayan kofur.