Wanda Ya Mayar da Agogo Baya

A ofishin lura da ruwan kogi da ke Haɗejia, kowa yana da abin faɗa a kan Malam Munzali. Masinjoji sun ce shekara talatin bai taɓa makara ba. Direbobi sun ce ya fi tausayin tsohuwar kwamfutar ofis a kan mutane, don har zani ya saya mata na rufa. Shugaban ofis, Injiniya Buba, yakan ce in ba Munzali babu wanda ya san iya inda ruwa ya kai a ambaliyar kowace shekara, daga Haɗejia har Baturiya.

A watan Maris kwamfutar ta mutu. Sabuwar ma'aikaciya, Jannat Kolo, ta ciro faifan ajiyarta, ta kwafe duk abin da ke ciki, ta tayar da tsohon tsarin a cikin laftof ɗin ofis. Tun daga ranar aka koma faɗin sunan Jannat.

Ranar Litinin da safe Sufeto Markus ya iso ofishin, bayan Injiniya Buba ya kai rahoto.

"An sace tsohon faifan daga durowa, an kuma goge bayanan da ke cikin laftof," in ji Injiniya. "Ranar Alhamis za a zauna a yanke inda za a yi jinga kafin ruwa ya cika. Da me zan je?"

"Wa ke riƙe da laftof ɗin?"

"Jannat. Na dakatar da ita. Ana ta cewa wani kamfani ta sayar wa bayanan, ta goge don ɓad da sawu."

"Wa ya fara faɗin haka?"

Injiniya ya kau da kai. "Magana ce dai ta ofis."

Sufeto ya sa aka kira Jannat. Idanunta sun kumbura.

"Laftof ɗin a ina ya kwana ranar Juma'a?"

"A wurina, Yallaɓai."

"Mai gadi ya ce jakar hannu kawai ya gan ki da ita."

Ta sunkuyar da kai. "A ofis na bar shi. Babu wuta a unguwarmu, na jona shi caji. Tsoro na ji in faɗa."

"Lambar sirrin fa?"

"Na rubuta wa Baba Munzali a takarda tun farko, ko zai so ya gwada. A gabana ya jefa ta kwandon shara."

"Kunna in gani. Yi mini bayani kamar na ƙauye, ni a makaranta ban ga kwamfuta ba."

Ta danna, wata baƙar taga ta buɗe da farin rubutu.

"Wannan ita ce imuleta. Manhaja ce da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, sai tsohon tsarin ya ɗauka a gidansa yake. Gaba ɗayansa a cikin fayil guda yake zaune."

"Fayil ɗin yana nan?"

"Yana nan."

"To in ke ce za ki ɓata shi, yaya za ki yi?"

"In goge fayil ɗin nan, shi ke nan. Daƙiƙa biyu." Ta nuna allon. "Amma wanda ya yi wannan ciki ya shiga, ya bi shekarun ɗaya bayan ɗaya yana rubuta umarnin gogewa da hannu."

Sufeto ya rubuta a littafinsa.

Malam Munzali yana zaune a kusurwa, kusa da matacciyar kwamfutar da ke lulluɓe. Sufeto ya ja kujera.

"Baba, ina kake ranar Asabar?"

"Garin Kafin Hausa, wurin ta'aziyya."

"Ka taɓa aiki da na'urar yarinyar nan?"

"Allah ya kiyaye. Wasan yara ne. Abin da na yi shekara talatin ina lallaɓawa, an sa shi a kwalba kamar ƙwaro, ana tafi."

"Ana tafa mata sosai?"

"Har baƙi daga Dutse aka kawo. A gabana suka wuce, ɗaya ya ce in miƙo masa kujera."

Sufeto ya dubi matacciyar kwamfutar. Can ya ce, "Na ji an ce injin nan bai san shekara ta dubu biyu ba. Yaya ka yi da shi duk shekarun nan?"

Fuskar tsohon ta saki a karon farko.

"Ai nan aikin yake, Yallaɓai. Da ka ba shi kwanan wata na yanzu sai ya rikice. Ni na gano in ka ja shekara ashirin da takwas baya, ranakun mako suna faɗawa daidai. Kullum da safe haka nake rubuta masa."

"Ka koya wa Jannat?"

"Ba ta tambaya ba."

Sufeto ya koma wurin Jannat. "Ke wane kwanan wata kike ba shi?"

"Ba na ba shi komai. Na tsayar da agogonsa a ranar ɗaya ga Janairu, 1995. In ya tambaya, wucewa nake yi."

"Yana rubuta ranar da aka buɗe shi?"

Ta fito da rajistar. Layi bayan layi, ɗaya ga Janairu, 1995. Na ƙarshe kaɗai ya bambanta: Asabar, 14 ga Yuni, 1997, ƙarfe goma da kwata na safe.

"Wannan kalmar da ke ƙasa fa?"

"Umarnin kwantar da allurar faifai ne. Ana yinsa kafin a kashe tsohon inji, don kada allurar ta karce faifan." Muryarta ta yi ƙasa. "A imuleta babu allura, Yallaɓai. Babu abin da za a kwantar."

Sufeto ya tara su uku a ofishin Injiniya, ya juya laftof ɗin ya fuskanci Malam Munzali.

"Baba, shekaranjiya Asabar ce, 14 ga Yuni, 2025. Cire ashirin da takwas."

Tsohon ya dubi allon.

"Ka shiga ka goge aikinta, amma da ka zo fita hannunka ya ƙi barin injin ba tare da ka kwantar masa da allura ba. Ina faifan?"

"Yana gida," in ji shi a hankali. "Cikin akwatin kayana, na naɗe shi da rawani. Ko ƙura bai taɓa ba."

Injiniya ya miƙe. "Malam! Kai ne kuma ka fara kawo mini zancen kamfani!"

"Ni ne. Takardar lambar sirrin ma, da Jannat ta fita na tsince ta daga kwandon." Ya dubi Injiniya. "So na yi a kwana biyu ana nema, ranar Laraba in ce na tsinto shi. A sake cewa a kira Munzali, ko sau ɗaya ne."

"Da sunan yarinyar nan za ka sayi wannan?" in ji Sufeto.

Jannat ba ta ɗago ba, tana ta danne-danne. "Bayanan suna nan, Injiniya. Tsohon tsarin sunan fayil kawai yake cirewa, ba ya share cikinsa. Kafin la'asar zan dawo da su." Ta dubi tsohon. "Kuma Baba ya fi ni sanin haka."

Sufeto ya rufe littafinsa. "Mu je a ɗauko faifan, daga nan sai caji ofis. Injiniya, takardar dakatarwar nan a janye ta yau."

Ba a sa wa tsohon ankwa ba. A bakin ƙofa Malam Munzali ya tsaya, ma'aikata sun cika baranda. Ya juyo, ya ɗaga murya yadda na ƙarshensu zai ji.

"Jannat ba ta sayar da komai ba, ni na ƙaga. 'Yata, aikinki ya yi kyau, tun ranar farko na gani, baƙin ciki ya hana ni faɗa. Na zalunce ki. Ki yafe mini."