Baƙuwar Malam Balarabe daga Aljirif

Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da Malam Balarabe a gidansa na unguwar Kalakla, 'yarsa Hansatu ke jinyarsa. Ƙanenta ya kafa wata 'yar na'urar rada a bango, wadda ke auna numfashin duk wanda ke ɗakin ba tare da ta taɓa shi ba. Kowane mutum da layinsa a wayar Hansatu, daidai inda yake.

Bayan sallar isha'i wata tsohuwa ta shigo ba sallama, mayafinta sharkaf, tana ƙarnin laka irin ta bakin kogin Nilu. Ta ja kujera ta zauna gefen gadon.

Hansatu ta ce, "Hajja, daga ina?"

"Daga Aljirif, can bakin kogi. Ubanki ya san ni tun yana haƙar ƙasata yana buga bulo." Muryarta kamar daga cikin tulu take fitowa. Ta harari bangon. "Kashe wancan abin, yana sukar idona."

"Ba zan kashe ba. Ki fita, Baba ba ya ganin baƙi."

"Ba wurinki na zo ba, marar kunya."

Hansatu ta duba wayar. Layi biyu ne kawai, nata da na Baba, kamar ba kowa a kujerar. Tana kallo layin Baba ya miƙe, ya ɓace daga kan gadon, sannan ya ɓullo a kan kujerar.

Ta ɗago kai. Ƙirjin tsohuwar ya soma motsi, sai ta yi tari, tarin Baba sak.