Ƙafa Tsirara a Kan Ƙanƙara

"Maidaji, wai da ni kake fushi?"

Bai kalle ta ba. Ya ci gaba da goge gilashin motar da ba ta da datti.

"Magana nake maka fa!"

"Ki koma mota, Saffana," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Ga Baffa nan tahe."

Saffana? Yau kuma sunanta ya kama gatsal? Mutumin da ko a waya ba ya iya cewa komai sai ya fara da "hasken idona"?

Ta koma kujerar baya, ta bar shi tsaye a gidan man da suka tsaya.

Tun asuba suka baro birnin Guangzhou na ƙasar Sin suka nufi arewa, wajen duwatsun da ake cewa dusar ƙanƙara na sauka a kansu. Baffa Abdulgani, yayan mahaifinta, shi ya kawo shawarar. Ya zo sarin kaya a kasuwar Baima, ya ce ba zai koma Kano ba sai ya ga abin nan da idonsa. Amma Saffana ta san ba ƙanƙara kaɗai ya zo gani ba. Abbanta ya ƙi maganar Maidaji ƙememe. Ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, ba a san gidansu ba, kuma a cewarsa duk yaron da ya daɗe a waje kunya ta gudu daga idonsa. Da ƙyar ya yarda ya bar hukuncin a hannun Baffa. Abin da Baffa ya faɗa bayan tafiyar nan, shi ke nan.

Shi ya sa ta yi ta ja wa Maidaji kunne. Ya saki jiki, ya ba da labarin nan nasa da ke sa 'yan kasuwar Shisanhang dariya har su manta da ciniki.

Sai ga shi yau bakin ya mutu murus.

Baffa ya shigo ya zauna a gaba, ya buɗe ledar gurasa da soyayyen nama.

"Bismillah, Malam Maidaji."

"Alhamdu lillahi, Baffa. Na ƙoshi."

Ya ƙoshi da me? Ko ruwa bai sha ba tun fitowarsu!

Balkissa, 'yar gwaggon Maidaji da ta cusa kanta cikin tafiyar babu gayyata, ta matso kusa da ita tana ƙamshin turare.

"Ma chérie, kada ki sa abin a rai," ta raɗa mata. "Shekaranjiya inna tai ta kira shi daga Maraɗi. Sun daɗe suna magana."

"A kan me?"

"Ni dai ban ce komi ba... Amma kin san mu, gida ba ya ƙin gida."

Ta gyara zoben yatsarta tana murmushi.

Saffana ta ƙura wa zoben ido. Wato an ba shi Balkissa? To me ya kawo shi tuƙa su? Ko so yake Baffa ya ƙi shi da kansa, ya huta da faɗa mata? Ta leƙa madubin gaba ko idanunsu za su haɗu. Ya karkatar da madubin.

Wannan kam ya yi mata ciwo.

Hanya ta fara hawa tana lanƙwasa. Korayen bishiyoyi suka koma farare, kamar an zazzage musu buhun gari. Baffa sai salati yake yana ɗaukar hoto. Ita da ta shekara tana mafarkin ganin wannan rana tare da Maidaji, ga ta ga shi ga ƙanƙara, amma hawaye ya hana ta ganin komai sosai.

Can sama wani ɗan sanda ya tare su. Saffana ta sauke gilashi ta tambaye shi da Sinancinta na jami'a ko akwai hanya gaba.

"Meyo," ya ce yana kaɗa hannu. Babu. Titi ya daskare, sai dai su juya.

Suka faka a gefe. Baffa ya fita yana taka ƙanƙarar a hankali, ita kuma ta bi shi kafin zuciyarta ta karaya.

"Baffa..."

"Na'am, 'yata."

"Ka ce wa Abba na haƙura."

Ya juyo ya dube ta da kyau.

"Kin haƙura da me?"

"Da maganar. Ba sai an wahalar da kowa ba."

Baffa ya juya wajen motar. Ya ɗaga murya.

"Maidaji! Zo nan."

Ya fito da sauri. Da ya rage 'yan taku tsakaninsa da Baffa sai ya tsaya, ya sunkuya ya kwance takalmansa. Ya cire. Ya zare safa ma. Ya tako ƙafa tsirara cikin ƙanƙarar nan, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ga ni, Baffa."

Saffana ta dafe ƙirji. Ɗan sandan ma ya saki baki.

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ƙin cin abinci, ƙin kallonta, kama bakinsa... Innalillahi! Kunyar suruki yake yi! Ita da ta girma tana ganin mazan yayyenta suna tuɓe takalmi tun daga zaure, zaman karatu a unguwar Tianhe ta Guangzhou ya sa ta kasa gane abin a gabanta.

"Ta ce ta haƙura da kai," in ji Baffa.

Maidaji ya ɗago a firgice.

"Mi na yi? Baffa, wallahi shekaranjiya na gaya ma inna ta shirya zuwa Kano! Ta ce ko da ƙahwa za ta taho!"

Ƙofar mota ta rufe a hankali. Balkissa ce ta koma ciki.

"Ban haƙura ba!" Saffana ta faɗa da ƙarfi. "Wallahi Baffa ban haƙura ba, ina son shi!"

Dutsen ya maimaita mata maganar. Ta ja gyale ta rufe fuska, ta rasa inda za ta sa kanta.

Baffa ya yi dariya har da tari.

"Ikon Allah! Wanda aka ce ba shi da kunya ga shi tana neman kashe shi. Tamu ta gida kuma ta sayar da tata." Ya share ido. "Tun safe nake miƙa maka nama, yaro, ina jiran ka karɓa. Na ba ka ita. Ubanta kuma ka bar ni da shi."

"Na gode, Baffa... Allah shi ƙara girma..."

"Tashi ka sa takalmi, kada in kai wa ƙanina suruki babu yatsu."

Ya juya musu baya ya tafi bakin hanya, yana ta yaba kyan wani tsauni da hazo ya rufe ruf.

Maidaji ya miƙe da ƙyar, haƙoransa na kaɗawa, takalmi a hannu.

"Hasken idona..." ya ce a hankali. "Yanzu an yarda in dube ki?"

Ta sauke gyalen, tana kuka tana dariya.

"Yi sauri, kafin ya juyo."