Guduma ko Walƙiya?

Dillali munafuki ne, ba shi da wani suna da ya wuce wannan. Mutumin da bakinsa ke bin iska don a ba shi 'yar mutane, ko tsintsiya bai cancanci a ba shi ajiya ba.

A shagon askin mahaifinta Auta ta fara ganin Mai-gyara. Ta kawo abincin rana, shi kuwa yana tsaye kan kujera yana kwance fanka. Ya waiwayo suka haɗa ido, sukurdireba ta kuɓuce masa ta faɗa kwanon ruwa.

"Malam, gyara ka zo ko kallo?" in ji ta.

"Gyara na zo, amma yanzu ni ma sai an gyara ni."

Tun daga ranar fankar nan ba ta ƙara yin lafiya ba.

Baba mai aski yana da ciwo guda: musun dambe. Hotuna biyu ne manne a madubinsa. Ga Guduma, zakaran ƙuruciyarsa, wanda ya daɗe a kabari. Ga Walƙiya, zakaran yau. Duk wanda ya zauna aski sai ya amsa: da za su haɗu, wa zai ci?

Dillali, wanda shi ma Autar yake nema, kullum amsarsa ɗaya. "Guduma mana, Baba! Naushi ɗaya, a kawo makara."

Ranar da Mai-gyara ya zauna, aski ya kai rabi aka jefo masa tambayar.

"Baba, ka gafarce ni. Guduma sai mutum ya tsaya yake samunsa. Walƙiya kuwa ba ya tsayawa. Zagaye shi zai yi ta yi har numfashi ya ƙare."

Baba ya kashe injin aski. "Tashi. Kada in ƙara ganinka, nan ko gidana."

Ya fita da rabin kai a aske.

Auta ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Ta share ɗaki, ta sake share shi. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta kuma ɗauka.

"Rabin raina," ta rubuta wa Mai-gyara, "ka ce Guduma kawai. Me zai ragu a jikinka?"

"Hasken idona, in na yi wa mahaifinki ƙarya a kan matacce, gobe ke zan yi wa a kan mai rai. Hula na sa. Ba mai ƙarasa askin nan sai shi."

Ta yi kuka, ta ji haushinsa, ta ƙara sonsa.

Shi ma Baba bai sami sukuni ba. Shago ya mutu, don musu ba ya ci da mai cewa "haka ne". Wata rana Auta na ajiye kwano ta ji ya ce wa Dillali, "Na sake tunani. Ina ga Walƙiya zai ci."

"Ai dama, Baba! Guduma tsohon buhu ne, girman jiki kawai."

Baba ya kalle shi ta madubi. Sannan ya juya. "Auta, kira min mai taurin kan nan."

Mai-gyara ya shigo, ya durƙusa, ya cire hula. Gefe gashi, gefe a aske. Shago ya fashe da dariya.

"Har yanzu Walƙiya?"

"Har yanzu, Baba."

"Ba ka san dambe ba, yaro, amma ba ka iya ƙarya ba. Zauna in ƙarasa maka askin ango."

Aka ɗaura aure. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya mai faɗin gaskiya, wadda ta fi ubanta sanin dambe." Har yau suruki da surukinsa ba su gama musun ba.

Dillali kuwa ya rasa Auta, an hana shi shagon, kuma a layin nan ba mai ƙara tambayarsa ko ƙarfe nawa.