Salkar Baba Amumun

"Rufe shi, Shofer! Don Allah rufe shi!"

Ni kuwa dariya nake, hannuna a kan famfo, ruwa na kwarara cikin wani farin kwano mai tsawon mutum, irin wanda Nasara ke kwanciya ciki su yi wanka.

"Haba Minata, nan ba Arlit ba ne. Nan ruwa ba ya ƙarewa!"

"In ka gama wankan, ina zai tafi?"

"Sai a zare wannan 'yar robar, ya wuce rami."

Ta dube ni kamar na ce zan yanka raƙumi in zubar da naman.

"Wannan ai ya ishi tumatirin Abba..." Ta durƙusa a bakin kwanon ta fashe da kuka.

Ranarmu ta farko ke nan a otel ɗin bakin teku.

Ni Zayyadu direba, wanda Mina ke ce wa Shofer, mutumin Damagaram, ban taɓa zama a bencin lakkwal ba, wato makarantar boko, amma ku tambayi duk wanda ya san hanyar Arlit zuwa Kwatano. Mota in ta ji hannuna, ladabi take yi. Fari ya same mu ban mutu ba. Kasuwar iraniyom ta faɗi, kamfani ya shiga sallamar mutane kamar ana kakkaɓe tabarma, ban mutu ba. Tawaye ya zo, ana tare hanya ana ƙona motoci, ga ni nan ina ba ku labari!

A shekarar ne na auri Mina, 'yar Abzin, 'yar Baba Amumun mai garka a Gugaram. Uwarta ta rasu a farin baya. Wanta Ghissa ya hau dutse ya bi masu bindiga. Tsohon shi kaɗai ya rage, ido ya fara barinsa, rijiyar garkarsa ta koma ba ta ba da komai sai laka. An yi, an yi ya dawo wurinmu a Arlit, ya ƙi.

Nasaran da na daɗe ina yi wa tuƙi zai koma ƙasarsu. Ni da abokin aikina Hamadi muka kwashi kayansa zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kuma daga wannan tafiyar aikina ya ƙare. Don sallama, ya kama mini ɗaki na 'yan kwanaki a otel ɗin wata tsohuwa, Madam Selestin, a wajen gari. Ni kuma na riga na cika wa Mina baki zan nuna mata teku, sai na tafi da ita.

Da muka je ban kwana, Baba Amumun ya lalubi salkarsa, ita ke nan gare shi, ya miƙa wa 'yarsa.

"An ce can akwai ruwan da ba ya ƙarewa. Ki ɗebo mini da hannunki in zuba a rijiya. Ruwa, ruwa yake kira."

Na yi dariya a raina. Maganar tsofaffi!

Otel ɗin kuwa, ku da ba ku gani ba sai haƙuri. Tsohon bene ne na 'yan kasuwar manja, tun zamanin kakan Madam. Bango kaurin kamu biyu, matakala ta baƙin katako tana kuka in ka taka, ɗakuna ba su kai goma ba. Gadonmu, an ce wani gwamna ya taɓa kwana a kai, gidan sauronsa kamar alfarwa. Ka buɗe taga, ga kwakwa, ga rairayi, ga teku na ruri kamar ayarin manyan motoci da ba ya wucewa. A tebur cokula har kala uku, ni kuwa duk na iya su, kallo ɗaya na yi wa wani Bature.

Mina ba ta ci ba. Mutanen Abzin ba sa cin kifi, su kuma nan kifi ne safe da yamma. Sai ta zauna a baranda da ɗan murhunta na waya, tana dafa shayi, tana tauna dabino da busasshen cuku, ma'aikata masu farin kaya na leƙe suna ƙus-ƙus. Salkar tana rataye a ƙafar gadon gwamna, busasshiya kamar kunnen jaki.

Ana haka Madam ta kira ni. Ta ga yadda na juya babbar mota a ƙofarta ban taɓa fure ko ɗaya ba. Da Faransancin da na tsinta a hanya muka yi magana. Direbanta ya tsufa. Ga aiki, ga ɗaki a bayan otel, matata ma za a koya mata gyaran gado.

"Amma ka ba ni amsa kafin motarku ta juya."

Hamadi kuma ya ce jibi da sassafe zai tashi, don ya riski rakiyar soja a Tawa. In ta wuce, Allah kaɗai ya san wata.

Na hau bene da gudu.

"Mina! Tauraruwata! Allah ya yanke mana wahala!"

Ta saurare ni har na gama, tana juya shayi daga kofi zuwa buta.

"Abba fa?"

"Za mu riƙa aika masa."

"Wa zai kai? Hanyar da ake ƙona mota?"

"In ƙura ta lafa sai mu ɗauko shi."

"Mutumin da ya ƙi Arlit, shi zai zo inda ake cin kifi?"

"To in koma in yi me? In zauna a unguwar Bukoki ta Arlit ina ƙirga ƙuda? Can ba aiki, ba ruwa! Soja su gan ki su ce ƙanwar ɗan tawaye, 'yan tawaye su gan ni su ce ɗan kudu. Tsakanin wuta biyu kike so mu haifi ɗanmu?"

Ta ɗora hannu a cikinta. Watanta uku a lokacin.

"Shofer... ina son ka. Allah ya sani. Amma wa zai nuna masa alƙibla in idon ya tafi gaba ɗaya?"

"Ni ne mijinki!"

"Shi ne ubana."

"To zaɓi!"

Kalmar ta fita kamar dutse daga majajjawa. Ta zuba shayi ta tura mini kofi. Na ƙi karɓa. Na sauka na je na ce wa Madam ta ɗauka na amince.

Washegari ba mu yi magana ba. Na saka sabuwar farar rigar aiki da aka ba ni, na kai wasu baƙi gari, na dawo bayan la'asar ina taƙama.

Na buɗe ɗaki. Murhu ya huce. Mina ba ta nan.

Na duba ƙafar gado. Salka ba ta nan.

Wallahi ban san yadda na sauko matakalar ba. Tun ranar farko ma'aikata suka gargaɗe mu: tekun nan ba a shigarsa, yana da hannu, ja yake yi. Su kansu masunta sai sun yi shiri suke tunkararsa.

Na hango ta. Baƙin mayafinta na kaɗawa, ruwa ya kai mata gwiwa, ta sunkuya tana danna bakin salka. Ita ruwan da ta sani na rijiya ne, wanda ke zaune yana jiran guga. Ba ta san akwai ruwan da ke tasowa ya zo wa mutum ba.

"Mina! Fito! Minaaa!"

Ta waigo. A bayanta wani tudun ruwa ya miƙe, ya fi motata tsayi.

Ya rufe ta.

Ni da ban taɓa iyo ko a tafki ba, na faɗa. Gishiri ya cika mini hanci, ƙasa ta gudu daga ƙarƙashin ƙafata, aka juya ni kamar tsumma. Hannuna ya kama mayafi, ya zame. Na sake kai hannu na kama gashi. Na ce wa teku, yau ko ni ko kai! Wasu masunta sun ɗan jefo igiya, ban ce ba su jefo ba.

Muka zube a rairayi. Tana tari, tana amai, leɓenta ya yi fari. Hannayenta biyu kuwa a ƙirjinta, ta ƙanƙame salka, ta murɗe bakinta gam.

"Sake ta! Kin haukace? Da kin saki ai da kin kama ni!"

"Na ce... zan kai masa..."

"Gishiri ne, Mina! Ko jaki ba zai sha ba!"

"Na sani. Na ɗanɗana tun ranar da muka zo." Ta ɗago jajayen idanunta. "Ita ke nan gare shi, Shofer. A wurinmu ba a ba da salka ga wanda ba zai dawo ba. Yana can ba shi da abin zuba ruwa, yana sauraron ƙarar mota."

Teku na ta rurinsa.

"Ka zauna," ta ce a hankali. "Aikin ya dace da kai, rigar ta yi maka kyau. Hamadi zai kai ni. Ba zan riƙe ka a zuciya ba... in na haihu zan aiko maka da sunan."

Ni Zayyadu, da na wuce gawar mota tana hayaƙi ban ƙifta ido ba, ranar na kifa kai a kafaɗar mace na yi kuka a gaban masunta.

"Hamadi? Hamadi da ke barci a kan sitiyari? Shi zai tuƙa matata da ɗana? Sai dai in na mutu!"

Ta yi dariya tana kuka, ta kama farar rigar da ta koma ruwan ƙasa.

Madam ta karɓi rigarta, ta dube ni ta dubi Mina, ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka cika mana kwando da burodi.

Hanya kuwa kada ku tambaya. A kowane shinge soja sai ya matsa salkar. Bayan Agadas wani ya kwance ta ya kurɓa, ya tofar, ya ɗaga bindiga yana cewa guba muke kai wa. Sai da na sha a gabansa, na haɗiye ina murmushi kamar madara.

Muka iso Gugaram da hantsi. Tsohon na zaune a bakin rijiya, fuskarsa wajen hanya.

"Abba!"

Ya laluba fuskarta, ya laluba tawa, ya daɗe hannunsa a kan gemuna. Sannan ya karɓi salka, ya ɗan kurɓa. Ya yamutsa fuska.

"Allah sarki. Ashe su ma ƙishirwa suke."

Ya juye sauran a rijiya.

"Baba," na ce, "zai kira ruwan kuwa?"

"Ya riga ya kira, ɗana. Ba ga ku ba?"

Damina biyu ya ƙara a duniya. Ya ɗauki jikansa, ya yi masa huɗuba da bakinsa, kuma a cinyar 'yarsa ya cika, ni na juya shi gabas.

Yaran yanzu in na ce na kwana a gadon gwamna, na yi kokawa da teku na kayar da shi, sai su riƙa taɓa juna. Jiya ma ina cikin faɗa musu a ƙofar gida, sai ga murya daga bayan labule:

"Shofer, ka ji tsoron Allah! Masunta suka fid da mu, kana ihu kana kiran innarka!"

Na ce, "Ke dai kawo shayin. Wa ya riƙe gashin?"

Can ta ce, a hankali yadda ni kaɗai na ji:

"Kai ne. Har yau ba ka saki ba."