Ɗakin da Ke Kallon Dutsen Namaruzu

Rana ta gangara bayan Dutsen Namaruzu, inuwarsa ta sauko a hankali ta lulluɓe ƙauyen tun daga gonakin taba har makabarta. Zozan na durƙushe a bakin tanderu tana ciro gurasa. Hayaƙi na shiga idonta, kunnenta kuwa yana ƙofar gida, inda mijinta Remzi ke fama da wasu baƙi, Bature da matarsa, kowanne da jaka a baya. Sun zo ne su hau dutse da asuba su ga rana tana fitowa a kan manyan kawunan gumakan dutse da ke ƙololuwarsa, kamar yadda kowa ke zuwa. Abin da suka kasa yankewa shi ne inda za su kwana: nan ƙauye kusa da ƙololuwa, ko su koma gari, Kahta, inda manyan otal suke.

Sabri direba, wanda ya kawo su, bai kashe motarsa ba. Ya leƙo ta taga yana dariya.

"Remzi, ka gaya musu gaskiya mana! Ka ce akuyoyinka ne za su yi musu kiɗa har gari ya waye."

"Kai dai ja akwalar motarka ka ba mu wuri. Wanda ya kwana Kahta, kafin ya hawo rana ta riga shi shan shayi."

Remzi ya ja baƙin ciki, ya buɗe musu sabon ɗakin da ya gina, wanda awarwaron zinaren auren Zozan suka tafi a cikinsa. Ya yaye labule ya nuna musu dutsen tsaye a cikin taga kamar an zana. Matar ta tsaya tana kallo, mijin kuwa yana ta taɓa katifa. Sai Remzi ya shiga banɗaki ya murɗa famfo, ruwa ya zubo yana tururi daga tankin da rana ke dafawa a kan rufi. Nan take suka sauke jakunkunansu. Sabri ya yi tsaki ya juya motarsa.

Tun ranar da aka ja bututun banɗakin nan, Kaka Hezal, mahaifiyar Remzi, ba ta daina magana ba. Bakinsa ya fita ne ta bayan gida, daidai gindin tsohon ɓaure, inda ake zubar da tokar tanderu tun zamanin kakanni.

"Ɗan nan, ba a zuba ruwan zafi a jujin toka," in ji ta. "Ni ko ruwan wanke kofi zan watsa da magariba sai na yi bismillah na nemi izini. Waɗannan naka bismillah suka sani?"

"Inna, ruwan wanka ne fa, ba wuta ba."

Da aka fara kiran sallar magariba, Baturiyar ta shiga wanka. Berfin, 'yar Zozan tilo, wadda ba ta cika shekara goma ba, tana bayan gida tana koro kaji. Zozan ta ji ruwa ya gangara cikin bututu. Sai ta ji wata ƙara siririya, kamar ta ɗan kyanwa da aka taka, ta tashi ta yanke. Kaji suka yi tsit. Karen maƙwabta da yake haushi ya haɗiye haushinsa.

Wani dutse ya faɗo a kan tankin ruwa, ƙwal, ya gangaro tsakar gida har gaban Zozan. Fari ne, kamar dunƙulen hannu, irin waɗanda aka tara a ƙololuwar dutsen, ba irin na ƙauye ba. Ta sa hannu ta ɗauka, ta yar da sauri. Zafi gare shi kamar daga tanderu ya fito.

Berfin ta shigo ba kaza ko ɗaya a gabanta. Ta tsaya tana kallon uwarta.

"Inna, an ƙona yaro."

Daga wannan yammacin gidan ya daina zama gidan da Zozan ta sani. Da rana lafiya lau. Amma da zarar inuwar dutse ta taɓa bangon gida, sai jifa ta fara. Ba ta taɓa samun baƙo ba. Tukunya take samu, da ƙofar kicin, da ƙafar Remzi sau da yawa. Bayan jifa sai shiru mai nauyi, a cikin shirun kuma Zozan kan ji wata mace tana rarrashin jariri, can ƙasa, kamar daga ƙarƙashin daɓe. Waƙar ba ta da kalmomin da ta gane, amma ta san irinta. Ta yi wa Berfin irinta lokacin ƙyanda.

Berfin ta daina cin abinci. Bayanta ya riƙa zafi tun daga wuya har ƙugu, ba kurji, ba kumburi. Ba ta yarda ta kwanta rigingine. Idan aka nemi ta aka rasa, to tana zaune a ƙofar ɗakin baƙi, ta naɗe hannuwa kamar mai rungume da wani abu, tana jijjigawa. Remzi ya ce 'ya'yan Sabri ne ke jifa don baƙin ciki. Ya kai yarinyar wurin likita a Kahta, aka ba su maganin zazzaɓi, ta sha har ya ƙare.

"Maganar nan kada ta fita," ya ce wa Zozan. "In ta fita, ko kare ba zai ƙara kwana gidan nan ba. In akwai baƙi, ki kulle ta a ciki."

Zozan ta sunkuyar da kai. Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ta riƙa kulle 'yarta, ta fita ta kai wa baƙi shayi tana murmushi.

Kaka Hezal ce ta gaji. Ba ta shawarci kowa ba, ta aika ƙetaren kogi aka kira Malam Shehmus. Ya iso da la'asar, tsoho siriri mai ƙaramin gemu, ƙura har gwiwa. Bai nemi ruwa ba. Ya zagaya gidan shi kaɗai, ya daɗe tsaye a gindin ɓaure yana duban tokar da ta zama taɓo. Da ya dawo ya ce a shimfiɗa yarinyar a kicin, a jira magariba.

Ranar kuwa akwai baƙi, wasu 'yan mata biyu suna zaune a baranda suna ɗaukar dutse hoto. Remzi ya rufo ƙofar kicin ya matso kusa da tsohon.

"Malam, don Allah a ɗan sassauta murya. Akwai mutane."

Malam Shehmus ya dube shi sama da ƙasa. "Littafin Allah zan karanta da raɗa saboda mutanenka?"

Ya zauna ya kama babban yatsan Berfin na dama, ya fara karatu. Haske na ta raguwa a tagar kicin. Zozan ta riƙe kan 'yarta a cinya tana jin zafinsa ta cikin zane. An daɗe ba abin da ya motsa. Sai jikin yarinyar ya sanƙare, idanunta suka juye, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, ta mace babba, a dishe kamar ta wadda ta kwana kuka.

"Ya isa, tsoho. Ina jin ka."

"Ke wace ce? Musulma ce ko kafira?"

"Na riga kakanka sallah."

"To me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ita na tarar a tsaye." Muryar ta ja numfashi. "Tun kafin a sassaƙa kawunan can na sama muke zaune a wurin nan. Mun taɓa ɗaukar musu ko cokali? Tsohuwar nan ta faɗa. Tana neman izini, muna matsawa. Sai ga ruwa kamar daga jahannama, ba sallama, ba gafara, a kan ɗana yana barci. Bayansa ya saɓule. Gidana ya zama taɓo. Ina zan kwantar da shi?"

Kaka Hezal ta rufe fuska da gyale.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma ramuwa a kan wadda ba ta ji ba ta gani ba, ita ma zalunci ce. Za a kawar da bututun gobe. Faɗi abin da kike so ki fita."

"Masauki nake so. Ba gidan baƙi ba ne? Na zagaya gidan, na duba ko'ina, na zaɓa. Ɗakin nan mai kallon dutse. A rufe mini shi, kada ɗan Adam ya ƙara kwana ciki."

Malam Shehmus ya sauke ajiyar zuciya ya juya. "Ka yi sa'a, Remzi. Ba ta nemi jini ba. Ba ta ɗakin."

Remzi ya shafa gashin bakinsa. Zozan ta san wannan shafar. Ita yake yi idan baƙo ya taya ɗaki da arha.

"Malam, ka ce mata akwai ɗakin ajiyar alkama. A bushe yake, ba wanda ke shiga."

"Ɓeraye na shiga," in ji muryar. Bayan Berfin ya gantsare har ƙashinta ya yi ƙara.

"Remzi, ba ta," in ji Malam.

"To na kusa da garke. Zan share, in sa masa sabuwar ƙofa."

"Ɗana da ciwo a baya zan kwantar cikin kashin awaki? Da ni kake ciniki kamar mai sayen darduma?"

Jini ya fara ɗiga daga hancin yarinyar, ya bi kuncinta ya sauka a zanen uwarta.

"Ɗan nan, ka ji tsoron Allah!" in ji Kaka Hezal.

"Inna, ki bari mana! Da ɗakin nan muke ci." Ya durƙusa yana magana da bakin 'yarsa kamar yana magana da direba. "Saurara, baiwar Allah. Ki yi haƙuri zuwa sanyi. Da ƙanƙara ta rufe hanya baƙi sun ɗauke, sai ki shiga ki zauna har bazara. Rabi naki, rabi nawa. Ai ban cuce ki ba."

"Yarinyar nan ba za ta kai sanyi ba."

"Remzi," Malam ya ce, "karo na ƙarshe nake gaya maka."

Remzi ya sake shafa gashin baki. Daga baranda aka jiyo dariyar 'yan matan.

Zozan ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Ba ta dubi mijinta ba, ba ta dubi Malam ba. Ta sunkuya kan fuskar 'yarta, ta yi magana a hankali kamar yadda mace ke yi wa maƙwabciya ta kan katanga.

"'Yar'uwa, ki ɗauki ɗakina. Ba ya kallon komai sai bango, amma yana da ɗumi. Akwai katifun ulu da mahaifiyata ta ɗinka mini, suna da laushi, ba za su fama masa ciwo ba. Ki kwantar da shi rubda-ciki. Akwai man zaitun a kan taga."

Idanun da suka juye suka dawo suka tsaya a kan Zozan, aka daɗe.

"Ke ina za ki kwana?"

"Nan ma ya ishe mu."

"Yauwa!" Remzi ya tafa hannu. "Shi ke nan, an gama. Malam, ka ji ta yarda ko?"

"Ba da kai nake ba," in ji muryar. "Na ga sarkin da ya sa aka tara masa dutse a kan dutse, ban ji ƙyamarsa kamar yadda na ji taka ba. Don ke na karɓa, uwar yarinya. Tsoho, sake mini yatsa."

Malam ya sa ta yi rantsuwa da sunan Allah ba za ta dawo ba, ta yi. Ya saki yatsan. Berfin ta yi atishawa mai ƙarfi, ƙafarta ta hagu ta karkaɗa, jikinta ya saki. Can cikin gida ƙofar ɗakin Zozan ta rufe kanta a hankali, kamar an ja ta don kada a tashi mai barci.

Remzi ya zuba wa Malam shayi da hannunsa. Tsohon ya sa takalmansa, ya yi wa matan sallama, ya fita cikin duhu ya bar shayin yana tururi.

Jifa ba ta ƙara sauka ba. Zozan ta shimfiɗa buhunan gari a kusa da murhu, ta kwanta da 'yarta, Remzi ya hau rufi da bargonsa. Da asuba ta farka ta ji shi a tsakar gida yana ƙwanƙwasa wa baƙi ƙofa, yana raha da guntun Turancinsa, yana cewa su yi sauri kada rana ta riga su. Ta sa hannu a bayan Berfin. Ya huce. Ta yi hamdala a zuci, ta yunƙura za ta ɗora ruwan shayi, sai ta ji an riƙe mata hannu.

"Inna."

"Na'am, 'yar albarka. Kina jin yunwa?"

"Bakina kawai ta kama, Inna. Kunnena ba ta kama ba."

Zozan ta koma ta zauna kusa da ita.

"Malam yana cewa ba ta, ba ta. Ni ma ina cewa a ciki, Baba ba ta ɗakin, amma muryata ba ta fita." Yarinyar ta ɗaga ido ta kalli rufi. "Da ba ki yi magana ba, da zai ba ta?"

Daga waje Remzi ya ɗaga murya. "Zozan! Berfin ta tashi? Ce mata ta kawo wa baƙi barguna, sama da sanyi!"

Berfin ta juya fuskarta bango, ta ja buhu ta rufe kunnenta.