Kwalabe Biyu a Aljihu Ɗaya

Magariba ta kawo jiki, ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo gaban maigidan ya tarwatse. Ba dutse ba ne. 'Yar kwalba ce, irin wadda yake zuba jinin majinyata a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, inda ya shekara ashirin yana aiki. Kafin ya ɗaga kai ta biyu ta faɗo.

Kwana bakwai ana haka, kullum magariba, kullum biyu. Matarsa tana shara tana addu'a. Shi kuwa gogan, da surutu bai taɓa yi masa kaɗan ba, ya ja bakinsa ya yi gum.

A rana ta takwas autarsu ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe hannu kamar mai jiran allura. Sai rawar sanyi ta kama ta, haƙora na haɗuwa, tana dafe da ƙugu. Aka ɗauko Malam, ya zauna ya yi ta karatu, har wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

Malam ya ce, "Wane ne kai?"

"Tambayi uban, shi ya san kwalabe. Shekara arba'in ina tare da wata tsohuwa, ko ciwon kai ban taɓa sa mata ba. Aka kwantar da ita za a ƙara mata jini. Wannan ya ɗebi nata, ya ɗebi na mai gadon kusa, ya jefa aljihu ɗaya babu suna, wai sai ya koma ɗaki ya rubuta. Ya kuwa rubuta, sunan wannan a kwalbar wancan. Aka ɗura mata jinin da ba irin nata ba. Ina kallo ta yi wannan rawar sanyin har ta cika, suka ce tsufa ne."

Matar ta juyo a hankali. "Baban Auta, gaskiya ne?"

Ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce, "Yarinya ba ta ɗebi jinin kowa ba. Me kake so?"

"Rai."

"Wannan ba naka ba ne. Ka ji tsoron Allah."

Can muryar ta ce, "To, gobe ya tsaya gaban shugabansa da 'ya'yan tsohuwa, ya faɗa da bakinsa. Hannun da ya yi rubutun kuma nawa ne."

Malam ya buɗe baki zai musa, uban ya riga shi. "Ɗauka. Sakar mini 'yata."

Auta ta yi atishawa, ta zube jikin uwarta.

Uban ya je ya faɗa, aka sallame shi daga aiki. Hannun yana nan, yana cin abinci, yana alwala, amma da ya taɓa alƙalami sai karkarwa. Rannan Auta ta kawo sabon littafin makaranta, ta ce, "Baba, rubuta mini sunana."

Ya daɗe yana kallon bangon littafin, sannan ya miƙa wa uwarta.